Rasuwar Dijital, Akwatin Jitar Mainasara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, cikar da ta hana shi cin tuwo har sau biyu, Malam Mainasara mai jita na Kwanar Dangora, wanda ya ce daga Bebeji har Doguwa babu mahaluƙin da ya san hanyar waya huɗu sai shi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk wanda ya taɓa taka rawa a gabansa rasuwar amininsa, abin alfaharinsa, baƙin akwatin nan mai jajayen idanu da aka fi sani da Dijital. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin makon jiya, bayan la'asar kaɗan, a Tudun Wada, a gaban mutum sama da ɗari uku da injin casar shinkafa guda. Ya rasu yana da shekara huɗu a hannun mai shi, bayan gajeriyar jinya wadda ba ta kai tsawon atishawa biyu ba.

Mai rashi ya so ya rubuta sanarwar nan da hannunsa, sai ya ce Hausa ba ta da kalmomin da za su ɗauki nauyin mamacin. Shi ya sa aka bar wa ƙanwarsa Suwaiba, wadda ba ta da wannan damuwar.

Ga wanda Allah bai nufa ya san marigayi ba: akwati ne na ƙarfe, tsawonsa kamu ɗaya da rabi, gabansa maɓallai da fitilu da wata 'yar taga mai nuna lamba. Aikinsa, kamar yadda aka gaya mana, shi ne ya karɓi kukan jita ɗanye, ya dafa shi, ya zuba masa amsa-kuwwa, sannan ya miƙa wa lasifika. An haife shi a wata ƙasa mai sanyi. Ya keto teku, ya sauka Legas, ya yi zaman jiran miji a wani shago a Sabon Garin Kano, har shekarar 1992 da Mainasara ya gan shi, ya rabu da babur ɗinsa saboda shi, ya rungumo shi a cinya tun daga tasha har Kwana, bai bari ko kwandasta ya taɓa kwalinsa ba.

Ranar da ya iso, Mainasara ya shiga ɗaki da shi bayan azahar, da jita, da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, da wayoyi huɗu sababbi dal, ya turo ƙofa. Mutanen gida suka kasa kunne. Aka ji an ja tebur. Aka ji tsaki. Aka ji ya ambaci mai shagon, ya haɗa da mahaifin mai shagon. Jita kuwa ko ƙis. Sai can la'asar sakaliya kiɗa ya tashi, tas, mai daɗi, irin dai wanda ya saba yi tun kafin zuwan baƙon. Ya fito gumi har ƙugu, ido ja, bai ce wa kowa sannu ba, ya wuce kasuwa ya yanko yadi ɗaya na koren karan-miski. Tun daga ranar bayan marigayi a lulluɓe yake. Wayoyi huɗu su shige ƙarƙashin ƙyalle, abin da suke yi a can sirri ne tsakaninsu da Mainasara.

A yi masa adalci, gani kawai ya hana, bai taɓa rowar bayani ba. Duk wanda ya zauna teburin mai shayi na bakin tasha a shekarun nan ya sami rabonsa, ko ya nema ko bai nema ba. Yakan jera kofi huɗu, ya naɗe hannun riga.

"Rami huɗu ne a bayansa," in ji shi. "Shiga, aika, dawo, fita. Kiɗa ya shiga ta nan. Akwati ya dube shi, ya ga bai nuna ba, ya aika shi ta nan ya je ya gaida amfilifaya. Ya dawo ta nan. Sai a sa masa eko, a sallame shi ta nan zuwa lasifika. Wannan zagayen shi ake kira lup."

In zai ce lup sai ya tsuke baki kamar mai hura gawayi.

"Kun ga shanun Fulani? Su yi kudu da rani a rame, su dawo da damina suna sheƙi. To haka kiɗa yake yi a cikin lup. Ka kuskure rami ɗaya, ka kai shanu hamada."

Direbobi su gyaɗa kai. Wata rana wani direban tirela ya ce, "To Malam, a ɗaga mana ƙyallen mu ga ramukan mana."

"Idonka ba zai ɗauka ba," in ji Mainasara. "Akwai wani a Kaduna da ya leƙa. Har yau in ya rufe ido lamba yake gani."

Direban ya shanye shayinsa, wanda shi ne ramin dawo, ya tafi.

Babban abin da marigayi ya yi a rayuwarsa, wanda tarihi ba zai manta ba, shi ne tayar da dattijo daga kan kujera. Ƙungiyar Taurarin Kwana Baba Hamidu ne ya kafa ta, da garaya ɗaya da ganga ɗaya, tun Mainasara na yawo da gajeren wando. Shi ya kawo jitar farko garin nan. Shi ya kama yatsun Mainasara ɗaya bayan ɗaya ya ɗora su a kan tsirkiya, yana buge wanda ya karkace da tsinken tsintsiya. Ƙungiyar tana da kujera guda, ta ƙarfe, shuɗiya, mai ninkewa. Wanda ke kanta shi ke gaban fili, shi ke zaɓar waƙa, shi masu biki ke durƙusa wa, sunansa maroƙi ke fara kira. Shekara goma sha ɗaya Baba Hamidu na kanta.

Kwana bakwai da zuwan marigayi, Mainasara ya same shi a gaban jama'ar ƙungiya, ya gaishe shi a tsaye.

"Baba, zamani ya juya. Kiɗan da bai bi ta cikin akwatin nan ba, hayaniya ce. Wanda ya san hanyar kiɗa kuwa, shi ya kamata ya zauna a gaba."

Baba Hamidu ya daɗe yana kallon jajayen fitilun nan suna ƙifta masa ido. Mutum ne da bai yi boko ba, yana kuma girmama duk abin da ke nuna lamba.

"Ta cikinsa kiɗan namu yake bi?"

"Ta cikinsa, Baba. Sau biyu ma."

"To, muddin ta cikinsa yake bi, zauna. Ranar da ya daina bi, ka ninke mini kujerata ka kawo har gida."

Turai zabiyar ƙungiya tana wurin, mai ganga yana wurin, kowa ya ji. Daga ranar Baba Hamidu ya koma kaɗa caki a baya, da ɗaurin kaya in an tashi. In za a tafi biki, marigayi a gidan gaba kusa da direba, a kan matashi, an ɗaure shi da rawani kada rami ya girgiza masa ƙwaƙwalwa. Baba Hamidu a baya, tsakanin lasifika biyu, gwiwa a haɓa.

Duk wanda ya zauna da marigayi ya shaide shi da haƙuri. Ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ba ya shiga abin da ba ruwansa, har ma da abin da ke ruwansa. Shekara huɗu yana zuwa biki, ba a taɓa cewa ga abin da ya ɓata ba, kuma har ga Allah ba a taɓa cewa ga abin da ya taɓa ba. Yana da lamba daga ɗaya zuwa casa'in da tara, kusan kowace Mainasara ya raɗa mata aiki. Sha bakwai ta bikin Fulani ce, don tana da sanyin nono. Arba'in da biyu ta sukar gwauro ce. Sittin ba a danna ta sai an ga babbar riga ta shigo fili. In ya danna lamba, sai ya lumshe ido, ya karkata kai, kiɗa kuwa ya canza nan take, musamman da yake a daidai lokacin yakan canza yadda yake dukan tsirkiya. Mata su yi guɗa, su ce akwatin nan aljani ne. Mainasara ya ɗaga hannu cikin tawali'u, ya nuna marigayi, wai shi za a yaba.

Amsa-kuwwar marigayi ta yi suna ne a Riruwai. A wani biki da aka yi a gindin duwatsun can, kusa da tsofaffin ramukan kuza, Turai ta kira sunan ango, sunan ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya sake dawowa. Jita ma haka. Tsofaffi suka cire hula. Mainasara ya miƙe daga kan kujera ya sanar cewa wannan kaɗan ne, lup ɗin yana maimaita abu har sau bakwai in an sake masa linzami. Mako biyu bayan haka aka yi wasa a Kiru, a fili shimfiɗaɗɗe wanda ko suri babu, amsa-kuwwa ta ƙi zuwa. Mainasara ya ce marigayi yana jin kunyar mutanen Kiru. Aka yi wasa a Bebeji, nan ma kunya. Mamacin dai mutum ne mai kunya ƙwarai, ba ya sakewa sai inda akwai dutse.

Muryarsa ta gaskiya mutanen gida ne kaɗai suka san ta. Da damina, in an ɗora shi a kan kabad kusa da taga, da hantsi sai a ji shi: zzzz, zt, zzzz. Ya yi shiru, ya sake: zzzz, zt. Ko babu wuta, ko an zare shi daga bango. Mainasara yakan tara mutanen gida a bakin ƙofa, ya sa yatsa a baki.

"Kun ji? Bita yake yi. Ko ba wuta, dijital ba ya zama haka nan."

Inna, mahaifiyarsa, takan ce, "Allah ya ba shi ilimi mai amfani," ta koma kan surfenta.

Mutum ɗaya ce ta nemi alfarma wurin marigayi ba ta samu ba. Kusan kowane biki sai Turai ta ce, "Injiniya, a sa muryata a lup ɗin nan mana, ko sau ɗaya, ni ma in ji yadda nake in na dahu."

"Ba don maƙogwaro aka yi shi ba," in ji Mainasara. "Muryarki ɗanya ce, sai ta ƙona masa hanji."

"To Allah ya ƙara masa lafiya, mai hanji."

Ciwon ajali ya faro ne daga wancan bikin na Riruwai, ko da yake ba wanda ya sani. Cikin waɗanda suka cire hula ranar akwai Alhaji Ɗanasabe, dillalin shinkafa na Tudun Wada, mutum mai riƙe abu a rai. Da ya kafa injin casa bana, ya aika takanas a kawo masa Taurarin Kwana, ya kuma ce kada a bar akwatin a gida. Aka kafa rumfa a gaban injin, a fili mai laushi kamar faifai. Duwatsu mafi kusa sai an hau mota.

Wasa ya yi wasa. Turai ta shiga kirarin mai gida, ta kira sunansa, sunan ya fita ya tafi abinsa bai waiwayo ba. Ta sake kira. Alhaji ya karkata kunne, ya jira. Ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya.

"Mainasara!"

"Ranka ya daɗe."

"A Riruwai na ji sunan ango ya fita sau uku. Angon nan kuwa ko keke ba shi da shi. Ni nawa sau ɗaya yake fita, kamar ana kiran ɗan dako. Sa muryar yarinyar nan a cikin akwatin."

"Ranka ya daɗe, yau akwai zafi, shi kuma dijital in rana ta yi..."

"Da bakinka ka ce sau bakwai yake yi. Na yafe maka huɗu. Uku nake so."

Turai ta matso, ta miƙa masa wayar makirfo da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

"Ga ta, Injiniya. Yau da citta na wanke maƙogwaron."

Mainasara ya dubi Alhaji. Ya dubi mutum ɗari uku. Ya dubi Baba Hamidu, wanda yake gyara igiyar cakinsa bai ɗago ba. Sannan ya dubi kujerar da yake kai, ya ji sanyin ƙarfenta ya ratso wando, abin da bai taɓa ji ba a shekara huɗu. Ya ce wa ransa ai ya san abin nan. Ya faɗe shi ya fi sau dubu. Shiga, aika, dawo, fita. Ba yadda za a yi mutum ya bayyana abu sau dubu a ce bai iya ba. Ya tashi, ya zagaya bayan tebur, ya durƙusa, ya cusa kai ƙarƙashin karan-miski.

Can ciki duhu ne da warin ƙura, kuma ramukan ba su yi kama da kofin shayi ba. Ya laluba na farko, ya tura waya, ta ƙi shiga. Na biyu ma ya ƙi. Na uku kamar an yi masa daɓe. Daga waje ana ganin ƙafafunsa kawai, da ƙyalle yana motsi, mutane suna cewa a yi shiru, ana aiki. Nan fa ilimi ya motsa. Ya yi lissafi irin na manyan masana, ya ce tunda ta wayar lasifika sunan Alhaji ke fita, ai ita ya kamata a tare, me za a yi da wayar makirfo. Ya miƙa hannu ya zaro ƙatuwar wayar nan da ke kai wuta daga amfilifaya zuwa lasifikar hagu, ya saita ta a rami na huɗu, ya haɗa da bismilla, ya danna da tafin hannu iya ƙarfinsa. Wani abu ya fashe a ciki, ƙus, kamar an taka busasshen ƙosai. Waya ta shige.

"Kira shi!" in ji Mainasara daga ƙarƙashin ƙyalle.

Turai ta cika ƙirji. "Alhaji Ɗanasa..."

Kalaman marigayi na ƙarshe, waɗanda duk Tudun Wada ta shaida ta bakin lasifikar dama, su ne: kiiiiiiii. Sannan: fat. Tagar lamba ta nuna tamanin da takwas, lambar da ba a raɗa wa aiki ba, ta rufe ido. Hayaƙi ya fito siriri, shuɗi, mai warin ƙonanniyar roba. Awaki suka tsinke igiya. Wata mai fura ta bar ƙwaryarta ta yi gabas. Sunan da aka so ya fita sau uku, rabinsa ne ya fita, sauran rabin har yau yana wurin Turai.

Mainasara ya fito da baya, ya zauna a ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka. Kafin ya sauke su, Baba Hamidu, wanda ɗaurin kaya aikinsa ne shekara huɗu ke nan, ya riga ya naɗe gawar a cikin ƙyallenta, da wayoyinta duka yadda suke, ya ɗaure tamau da rawani, ya saɓa a kafaɗa. Ya ce ba a barin mamaci a rana. A gidansa gawar ta kwana, a ƙarƙashin gadonsa, shi kuma a kai.

Kwana uku Mainasara yana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, a kan shuɗiyar kujera. Ya bayyana wa masu ta'aziyya cewa aiki ne ya kashe marigayi. Shekara huɗu yana ɗaukar kiɗan ƙungiya, ya kai ya dawo, ya kai ya dawo, ko jaki ne ya gaji. Ɗanyar muryar Turai ce ta ƙarasa shi, kamar yadda ya sha gargaɗi. Ya ƙara da cewa akwai ƙanin marigayi a Jos, mai rami shida, yana nan tafe. Kafin ya iso kuwa kujera tana nan inda take, don ba a canza shugaba ana cikin makoki.

Baba Hamidu ya zo gaisuwa rana ta uku, ya zauna a tabarma, ƙasa da kujerar.

"Ya haƙuri, ɗana?"

"Haƙuri sai ma'aiki, Baba. A kawo mini shi in rufa masa asiri da hannuna."

"Gaskiya ne. Amma babba irin wannan ba a binne shi ba wanka. Gobe kasuwar Tudun Wada, mu kai wa Mudi."

"Mudi ai rediyo ya sani, Baba. Ina Mudi ina dijital?"

"Wanka kawai zai yi. Ba sai ya san mamacin ba."

Malam Mudi mai gyaran rediyo yana da rumfa a layin 'yan batir, da tabarau mai kauri wanda aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ranar kasuwa ce, ga kuma waɗanda kunnensu bai daina ƙara ba tun Lahadi, don haka wankan ya samu jama'a. Turai ta zo da sabon ɗankwali. Mainasara ya tsaya daga gefe, ya harɗe hannu, yana kallon sama kamar wanda ake ɓata wa lokaci.

Mudi ya kwance rawani, ya yaye karan-miski. Wayoyi ya fara ɗagawa. Wadda ke zuwa daga jita da wadda ke tafiya amfilifaya, an fere bakinsu, an murɗe su da juna, an naɗe da robar tayar keke, robar har ta tsufa ta manne. Sauran biyun kuwa ɗaure suke da junansu, ƙulli irin na igiyar akuya, ba daga ko'ina suke ba, ba kuma ko'ina za su ba.

"Waɗannan wa ya ɗaura musu aure?" in ji Mudi. "Sun daɗe tare."

Ya juya bayan marigayi zuwa haske, ya gyara tabarau, ya ɗauki tsinke ya soka a ramin shiga. Jar ƙasa ta zubo. Ya soka a aika, ƙasa. Ya soka a dawo, ƙasa, da wata busasshiyar tsutsa. Ya ɗauki sukudireba ya kwance murfi, ya ɗaga, sai ya ce, "Salamu alaikum."

Unguwa ce guda a ciki. Ginin zanzaro, ɗaki kan ɗaki, jere da jere, wani tsoho ya yi fari, wani na bana da sauran jansa, gefe ɗaya ya ƙone baƙi ƙirin. Mutane suka matso suna leƙe. Wani magini da ke wurin ya ce a rantse aikin ya yi kyau.

"Ginin nan ya ga damina huɗu," in ji Mudi. "Rami uku, ko allura ba ta taɓa shiga ba. Na huɗun an fasa shi da ƙarfin tsiya kwanan nan. Ta nan ajali ya shiga."

"Malam Mudi, muryata ce ko?" in ji Turai. "Ka faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka."

"Muryarki ko ƙofar gida ba ta zo ba, 'yar nan. Wutar lasifika aka ɗura masa. Kafin nan lafiyarsa ƙalau, sabo ne fil. Shekara talatin ina buɗe rediyo, ban taɓa ganin gawar da ta huta irin wannan ba."

Mainasara ya sauke hannu, ya gyara murya.

"Malam Mudi, abin da ba ka sani ba, dijital na zamani ba lallai sai ta rami ba. Akwai wanda ta iska yake jan..."

"In ta iska yake ja, Injiniya," in ji Turai, "me ka shiga nema a ƙarƙashin ƙyalle?"

Baba Hamidu bai yi dariya ba, shi kaɗai a layin 'yan batir. Ya ɗauki wayoyin nan biyu masu aure, ya juya su a hannu, ya ajiye.

"Ashe shekara huɗu hannunka muke ji," ya ce. "Hannun ba laifi. Na san wanda ya koya masa." Ya miƙe, ya kakkaɓe riga. "Kujerar ta tsakiya take ninkuwa, ko ka manta."

Marigayi ya rasu ya bar wayoyi huɗu, biyu da aure, biyu a ɗaure. Ya bar littafin bayaninsa mai shafi tamanin, wanda har yanzu yana cikin ledar da ya zo da ita, ba a taɓa ɓata masa rai da buɗewa ba. Ya bar amfilifaya, wanda ya suma ranar amma ya farfaɗo da aka canza masa fis, ya kuma ce shi bai taɓa gaisawa da mamacin ba. Ya bar zuriyar zanzaro masu yawa, waɗanda su ne suka fi kowa rashi, don su kaɗai ya taɓa yi wa amfani. Yadin karan-miski Turai ta karɓa, ta ce zai yi hannun riga. Ƙanin nan na Jos mai rami shida, an aika masa kada ya wahalar da kansa.

Mai rashi ya ba da umarnin rubuta sanarwar nan tun kafin wanka. Bai janye ba, don tun ranar kasuwa bai fito daga ɗaki ba sai sau ɗaya, da sassafe, da wani abu shuɗi a ninke a hammata.

Jana'iza ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci. Ba za a yi salla ba, liman ya ce ba a yi wa akwati. Za a rufe marigayi a cikin kwalinsa na asali, a ƙarƙashin teburin Malam Mudi, kusa da rediyoyin da suka mutu bayan sun yi aiki, in sun yarda da maƙwabtakar. Zaman makoki a teburin mai shayi na bakin tasha, inda aka roƙi jama'a kowa ya riƙe kofinsa a hannu. Ana roƙon mata kada a ɗaga murya, don mamacin bai saba da sauti ba.

Bayan la'asar Taurarin Kwana za su yi kiɗan bankwana a filin tasha. Baba Hamidu zai zauna. Malam Mainasara zai kaɗa a tsaye, in an tashi kuma shi ne da ɗaurin kaya. Masu fargabar kiɗan ba zai yi daɗi ba saboda rashin marigayi su kwantar da hankalinsu. Jita za ta wuce amfilifaya kai tsaye, kamar yadda ta saba.